Malamar Hannu, Wadda Ba Ta Yarda da Riga Mai Tsabta Ba

Haihuwa da Nasaba

An haifi marigayiya, wadda jama'a suka fi sani da laƙabin Malamar Hannu, a farkon daminar shekarar 1949, a wani gari madaidaici da layin dogo ya raba biyu, cikin gidan haya mai ɗaki biyu da ke bayan kasuwar katako. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta kuwa tana ɗinki da keken hannu a tsakar gida. Ita ce babba cikin 'ya'ya mata biyu da Allah ya raya musu, domin ƙanwarta, wadda daga baya yaran gida suka riƙa kira Inna Ƙarama, ba ta zo ba sai bayan shekara shida.

Duk waɗanda suka san kafintan sun haɗu a kan cewa bai taɓa sallama wa mai saye kujera ba sai ya zauna a kanta ya jijjiga ta, ko da shi ne ya buga ƙusoshinta da hannunsa, kuma idan abokin aikinsa ya ce masa gam ya bushe, sai ya sa farce ya gwada. A ƙarƙashin bencinsa 'yar ta yi rarrafe, a nan ta koyi riƙon zarto da goge katako, a nan kuma ta kwashi ɗabi'ar rashin yarda da abin da ba ta gani da idonta ba. Dangi sun ce ta gaji abubuwan biyu, amma na biyun ya fi kama jikinta.

Karatu

An sa ta makarantar firamare a shekarar 1956, ta wuce sakandaren 'yan mata ta kwana a 1963, inda malamai suka shaide ta da ƙwazo, abokan karatu kuma suka shaide ta da wata tambaya da ba ta gajiya da ita, wato wa ya gani. An ruwaito cewa ko sakamakon jarrabawarta aka faɗa mata, ba ta murna sai ta taka zuwa allon sanarwa ta karanta da kanta. A 1968 ta shiga makarantar koyon aikin jinya, ta kammala a 1971, aka tura ta sashen yara na wani asibitin ƙashi.

A wannan sashe ne al'amarin da ya zama sana'arta ya fara damunta. Takan ga yaron da ya faɗa wuta an yi masa magani har fata ta rufe, likita ya ce ya warke a sallame shi, alhali yatsunsa sun manne ba ya iya ɗaukar kofi. Takan ga wanda aka haifa da lalurar da ke ƙanƙame gaɓoɓi, uwa ta goyo shi ta kawo, ta goya shi ta koma, yana da shekara takwas ana ba shi abinci a baki. Tun daga lokacin ta sa kalmar warkewa cikin kalmomin da take tuhuma. Saboda haka da aka buɗe gurbin karatu na shekara biyu a 1972, a wani fanni da har yau ba shi da gajeren suna a bakin mutane, wato koya wa yara masu rauni ko lalura yadda za su ci su sha, su sa tufafi, su riƙe fensir da kansu, ita kaɗai ce ta nema daga asibitin.

Aiki

Ta dawo a 1974, hukumar asibiti ta rasa inda za ta ajiye ta, sai aka ba ta wani tsohon sito mai taga ɗaya a bayan ɗakin wanki. Mutane kan zo su tambaya ko nan ake gashin ƙashi, ta ce a'a, su ce to allura ake yi, ta ce a'a, su leƙa su ga cokula da maɓallai, su fita suna zargin asibiti ya ɗauki mai wasa da yara. Ta cika ɗakin da ƙananan teburan da mahaifinta ya yi mata, da cokulan da ta naɗe wa mariƙi da robar tayar keke domin su yi kauri a hannu, da kofuna masu mariƙi biyu, da wani allo da ta buga wa ƙyallaye masu maɓalli da zif da igiyar takalmi. Da yara suka fara fita daga ɗakin suna iya abin da ba su iya a da, sai aka daina cewa sito, aka koma cewa wurin Malamar Hannu.

Ƙa'idarta guda ce, kuma a kanta ta yi rigima da iyaye fiye da shekara talatin: abin da yaro ya koya a ɗakin, a bar shi ya yi da kansa a gida, komai ɓata lokaci da ɓarnar abinci. Iyaye mata kan rantse cewa sun bari. Ita kuwa ba ta sauraron rantsuwa, rigar yaro take dubawa, domin a wurinta wanda ke koyon cin abinci da kansa dole a ga miya a ƙirjinsa, wanda ke koyon sa maɓalli dole a ga ya tsallake rami. Idan aka kawo yaro fes, maɓallai a jere kowanne a mazauninsa, sai ta ɗago kai ta dubi uwar ta ce, “Wannan rigar ta yi tsabta da yawa.” Akwai matan da har yau suke cewa sun fi tsoron wannan jimlar da zagi.

Ba a daɗe ba iyaye suka gano lagonta, suka riƙa diga wa rigar yaro mai a bakin ƙofar asibiti, suna karkatar da maɓalli da gangan. Duk ta kama su, domin mai ci da hagu ba ya zubarwa a inda mai ci da dama ke zubarwa, kuma abin da ya zubo daga baki yakan bar sawu a haɓa. An ba da labarin wata baiwar Allah da ta shafa wa rigar ɗanta jar miya, ta manta cewa shayi da burodi ta ce ya ci da safe. Adalci ya wajabta a faɗi cewa wannan tsanani ya yi amfani, domin yara da yawa da aka kawo a goye sun girma suna ciyar da kansu, wasu ma suna ciyar da iyalansu.

Aure da 'Ya'ya

A 1975 ta auri wani ma'aikacin hukumar ruwa, mutum mai sanyin hali wanda maƙwabta ba su taɓa jin muryarsa ta katanga ba. Shi da kansa yakan ce cikin raha bai sani ba ko an yarda da shi ne ko har yanzu ana kan bincike. Sun sami 'yarsu ta fari a 1977, wadda ƙannenta suka riƙa kira Yaya Babba. Na biyu ya zo a 1980 bayan doguwar naƙuda, ya fito ya jima bai yi kuka ba, dalilin da ya sa kakarsa ta laƙaba masa Malam Shiru, sunan ya bi shi har girma. Autansu namiji an haife shi a 1985.

Kafin Malam Shiru ya cika shekara, uwar ta ga abin da take gani a 'ya'yan mutane: hannun dama a dunƙule, gwiwar hannun a lanƙwashe, na hagu kuma yana rawa idan ya miƙa zai ɗauki abu. Ba ta jira likita ya faɗa mata ba. Ta shaida wa mijinta cewa abu ɗaya ne ke hana ta sukuni, shi ne wata rana za ta mutu, a ajiye wa yaron nan abinci a gabansa ya zauna yana kallo har sai wani ya ga dama ya ba shi. Wannan tsoro shi ne ya mallaki sauran rayuwarta. Ta kafa doka a gidan cewa kada wanda ya kai masa loma baki, kuma kullum da yamma takan zaunar da shi a tebur, ta zauna daf a gabansa, idonta a kan wuyan hannunsa, tana cewa ya saki kafaɗa, ya ɗaga, ya sake. Shinkafa kan watse har ƙarƙashin kujeru, kaɗan ke kaiwa bakinsa.

Zuwan Inna Ƙarama

A 1983 mijin ƙanwarta ya rasu ba su sami haihuwa ba, bayan takaba ta dawo gidan yayarta domin ta kula da yara idan an tafi aiki. Inna Ƙarama mace ce mai fara'a da yawan surutu, wadda ko kwano take wankewa sai ta sami abin faɗa masa. Da rana takan ajiye wa Malam Shiru farantinsa a kan ƙaramin benci a ƙofar kicin, ta juya masa baya tana wanke-wanke tana zuba masa labarin maƙwabta, ba ta ko waiwaye.

A 1987 Malamar Hannu, wadda ba ta shiga ɗaki idan ta dawo daga aiki sai ta duba kwandon wanki, ta lura cewa rigunan yaron sun daina ɓaci. Da farko ta yi farin ciki. Da yamma ta zaunar da shi a gabanta domin ta gani, sai hannun ya ƙanƙame, cokali ya daki kuncinsa, abinci ya zube. Ta sake gwadawa washegari, ta sake a mako na gaba, abin bai canza ba. Daga nan ta yanke hukuncin da ta saba yanke wa matan asibiti, cewa wani na ba shi a baki idan ba ta nan, kuma ba ta yi nisa wajen neman wanda ake zargi ba.

Inna Ƙarama ta rantse, Yaya Babba ta ba da shaida, maigidan ya ce shi ma ya taɓa gani ranar hutu. Yaron da kansa, da maganarsa mai nauyi, ya ce shi ya ci. Ta ce ƙanwa tana kare kanta, 'ya tana kare innarta, miji yana neman zaman lafiya, yaro kuwa ya san mai ba shi daɗi. Ta shiga yin kwanto. Takan baro asibiti da tsakar rana ba sanarwa, ta ajiye mota a bakin layi, ta cire takalmi a ƙofar gida. Amma yaron ya san ƙarar ƙyauren, ya kuma san warin maganin asibiti da ke jikin tufafinta, kafin ta iso kicin cokali ya faɗi ƙasa, Inna Ƙarama ta juyo da jiƙaƙƙen hannu ta sunkuya za ta ɗauka masa. Abin da Malamar Hannu ke tararwa ke nan kullum, ƙanwarta a sunkuye kusa da yaron da cokali a hannu, kuma babu abin da ya fi wannan kama da laifi.

A nan mai rubuta wannan tarihi ya ga ya dace ya faɗi abin da iyali suka daɗe suna faɗa a bayan idonta. Marigayiya ta koya wa ɗalibai da bakinta cewa irin waɗannan gaɓoɓi suna ƙara ƙanƙamewa idan yaro ya tsorata ko ya ji an zuba masa ido. Ilimin yana wurinta. Sai dai ba ta taɓa lissafa kanta cikin abubuwan da ɗanta zai iya jin tsoro ba. Ranar da mijinta ya yi ƙarfin halin cewa wataƙila kallonta ne ke ɗaure yaron, ta ce masa ita uwarsa ce, kuma maganar ba ta ƙara tashi ba.

Rabuwa

A 1989, bayan shekara biyu ana wannan zama na sa ido, ta kira ƙanwarta ɗaki. Yaya Babba, wadda ke bayan labule, ta riƙe abin da aka faɗa.

“Ke tausayi kike ji, ni kuwa ranar da ba ni nake dubawa,” in ji Malamar Hannu. “Duk lomar da kika ba shi, hannu kika rage masa.”

“Yaya, wallahi ban taɓa ba shi ba. Ajiye masa nake yi in ci gaba da aikina.”

“In haka ne, rigarsa za ta nuna bayan kin tafi.”

Inna Ƙarama ta tattara kayanta washegari ta koma wurin dangin mahaifiyarsu, a 1991 kuma ta auri wani mai sayar da kayan gini a wani gari. Shekara ashirin da bakwai 'yan'uwan nan biyu ba su haɗu ba sai a wurin rasuwa ko ɗaurin aure, su gaisa kamar maƙwabta, kowacce ta nemi wurin zamanta. Abin baƙin ciki ne, kuma babu wanda ya fi Malam Shiru jin sa, domin ya yi wata guda ba ya yi wa kowa magana.

Bayan Rabuwa

Rigar ta nuna, domin ba ta ƙara ɓaci ba. Yaron ya koma ɗaukar farantinsa ya shiga ɗaki ya tura ƙofa, ya fito da shi babu komai. Wani zai ɗauka wannan hujja ta isa a aika a ba Inna Ƙarama haƙuri, amma Malamar Hannu ta fassara ta da cewa wani ya karɓi aikin. Tuhuma ta koma kan Yaya Babba har ta yi aure a 1998, ta ratsa kan masu aikin gida da aka yi ta sauyawa, ta taɓa Auta, ba ta kuma taɓa barin maigidan gaba ɗaya ba. Malam Shiru ya kammala sakandare a 2000, ya buɗe shagon littattafai da kayan rubutu a ƙofar wata makaranta, a 2008 kuma ya auri wata malama daga makarantar, wadda ta shigo gidan ta tarar da zargi yana jiranta tun kafin ta kwance akwati. A shekara ta gaba Auta ya ɗauki hoton yayansa na bidiyo da waya yana cin abinci, ya kawo mata. Ta kalla ta ce hoton ƙarami ne, kuma mai riƙe da waya shi ke zaɓar inda zai fara da inda zai tsaya.

A wurin aiki kuwa ta ci gaba da ɗaukaka. An naɗa ta shugabar sashen a 1993, aka fitar da shi daga sito zuwa sabon gini, ta yaye ɗalibai masu yawa da ke aiki a asibitoci daban-daban. Ta yi ritaya a 2009. A taron sallamarta wani direban babbar mota, wanda ta buɗe wa ƙonannun yatsu yana yaro, ya tashi zai yi jawabin godiya, ta yafito shi da hannu ta duba maɓallan rigarsa kafin ta bar shi ya yi magana.

Ƙarshen Rayuwa

Mijinta ya rasu a 2012. Tun kafin nan an gano tana da hawan jinin ido, amma ba ta yarda da likitan farko ba, ba ta yarda da na biyu ba, lokacin da ta yarda da na uku kuwa abin ya yi nisa. A 2015 ganinta ya tafi gaba ɗaya, ta koma zama a falo da sanda a gefenta, Malam Shiru da matarsa suna kula da ita.

Wata rana a 2016, matar tana makaranta, ya dawo daga shago cin abincin rana. Ya gaji, kuma ya ga babu dalilin shiga ɗaki, sai ya zauna a teburin da ke kusa da kujerarta. Ta ji cokali yana taɓa faranti, ya tashi, ya dawo, ya sake tashi, ba tare da ya faɗi ba. Ta tambaya wa ke cikin falon.

“Ba kowa, Umma. Daga ni sai ke.”

Ta kira surukarta ba a amsa ba, ta miƙa sanda ta laluba kujerun da ke kewaye, ta ji babu mutum. Sannan ta ce ya ci gaba, ta ɗora yatsu biyu a bayan hannunsa. Malam Shiru ya faɗa daga baya cewa ya jira hannun ya ƙanƙame kamar yadda ya saba, sai ya dubi fuskarta ya ga idanunta bango suke fuskanta, hannun ya tafi abinsa. Ta bi shi daga faranti zuwa baki, daga baki zuwa faranti, har abincin ya ƙare. Yana da shekara talatin da shida a lokacin. Ba ta yaba masa ba, ba ta kuma ce komai game da abin da ya wuce ba. Sai dai ta ce a aika a kira mata ƙanwarta.

Inna Ƙarama ta iso a mako na gaba, ta tsufa, mijinta na biyu ma ya rasu. Yaya Babba da matar Malam Shiru suna wurin, kuma dukansu sun tabbatar da cewa ba su ji an ba da haƙuri ba. Bayan doguwar gaisuwa da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, Malamar Hannu ta juya fuska wajen muryar ƙanwarta.

“Yanzu tsakaninki da Allah, ko sau ɗaya ba ki taɓa ba shi a baki ba?”

“Sau ɗaya, Yaya. Ranar da zan bar gidan. Na ce tunda an riga an hukunta ni, bari in ba ɗana abinci da hannuna. Shi ma sai da na roƙe shi, yana kuka yana cewa za ki gane.”

“Ai na ce akwai wani abu,” in ji Malamar Hannu.

Daga nan ta laluba ta kama hannun ƙanwarta, ba ta sake shi ba har aka kira magariba. Shaidun biyu sun saɓa a kan ko dariya take yi ko kuka, Yaya Babba ta ce dariya ce, surukar ta ce ita hawaye ta gani. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne Inna Ƙarama ba ta koma ba, ta zauna a gidan tana jinyar yayarta har ƙarshe.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malamar Hannu rasuwa da safiyar wata Talata a shekarar 2018, tana da shekara sittin da tara, bayan gajeriyar rashin lafiya, kanta a kan cinyar ƙanwarta. An yi mata sallah bayan azahar a ƙofar gidanta, aka binne ta a maƙabartar da aka binne mijinta. Jana'izar ta tara ɗalibanta da tsofaffin abokan aiki, da maza masu yawa da ba dangi ba ne, waɗanda aka gane su ta tabon hannuwansu lokacin da suke karɓar makara.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Yaya Babba, ma'aikaciyar jinya, mai 'ya'ya huɗu, Malam Shiru, mai shagon littattafai, mai 'ya'ya biyu, da Auta, injiniyan lantarki, mai ɗa ɗaya. Ta kuma bar ƙanwarta guda, Inna Ƙarama, wadda ke zaune wurin Malam Shiru. Allah ya jiƙanta, ya sassauta mata tambaya.